Gidan Allo Da Soso: Dillalai Su Faɗi Sauran Magana

Akwai wani irin gini da masu tallansa ke kururutawa, wai a ta da gida cikin 'yan kwanaki, ba bulo, ba jiran siminti ya sha iska. Ɗan Arewa da ya shekara goma yana tara kwabo a Agege ko Sabon Badun don ya mallaki ɗaki nasa na kansa, dole kunnensa ya motsa. To, kafin ya kwance bakin lalita, ya kamata ya ji abin da dillali ba ya faɗi.

Abin da ake talla allo ne mai hawa uku: falle biyu na katakon da aka matse, a tsakaninsu farin soson nan irin wanda ake kunshe talabijin da shi, an manne su da gam a masana'anta. Ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1930 aka fara gwada irinsa a Wiskonsin ta Amurka, a 1952 kuma wani mai zanen gine-gine, Alden Dow, ya gina gidaje da mai soso a Mishigan. Ƙarfi yana da shi, zafi kuma ba ya ratsa shi da sauƙi. Duk wanda ya kwana a ɗakin bulo da kwano cikin bazara ya san darajar wannan. Har nan dillali bai yi ƙarya ba.

Amma fa rabin gaskiya ya fi ƙarya ɓarna. A wannan gini allon shi ne bango, shi ne ginshiƙi, shi ke ɗauke da rufi. Gidan bulo in silinsa ya ruɓe a kira kafinta ya sake. Wannan kuwa in katakon ya ruɓe, gidan ne ya ruɓe. An ga haka a garin Juno na Alaska wajen 2001, inda rufin gidaje da dama ya lalace tun bai tsufa ba. Da aka bincika, sai aka tarar ba a toshe mahaɗar allunan da kyau ba: iskar ɗaki mai ɗumi da laima ta riƙa silalewa ta nan, ta tarar da katako mai sanyi a sama, ta zama raɓa, katako ya yi ta sha har ya ruɓe. Kada wani ya ce ai can ƙasar ƙanƙara ce. A Ikko da Fatakwal laimar tana waje, sanyin iyakwandishan yana ciki. Hanyar ce kawai ta juya, raɓar tana nan. Magini da ya saba cewa "filasta za ta rufe" ba shi ne zai tsaya toshe kowace tsaga ba, sai an tsaya a kansa.

Sai wuta. Soson nan yana narkewa, yana ci, yana fid da baƙin hayaƙi. Shi ya sa dokar gini a Amurka ta wajabta a rufe shi daga ciki da allon filasta mai kaurin rabin inci, don ya tsare wuta minti 15, mutane su sami fita. Ɗan kwangilar da ya cire wannan don farashinsa ya yi armashi, rayukan iyali ya sa a ciniki, a unguwannin da ake girki a bakin ƙofa, man janareto kuma yana ajiye a ƙarƙashin gado. Ga kuma gara, wadda ba ta cin soso amma tana haƙa hanya a cikinsa a ɓoye har ta isa katako.

Saboda haka mai niyyar saye ya zaunar da dillali gaban shaidu, ya tambaye shi da me za a toshe mahaɗa, wane ne zai duba aikin, ina allon tsare wuta a cikin lissafi, da kuma nawa tsayin harsashin da zai raba katako da ƙasa. Amsar kuma a rubuce, da sa hannu. In dillali ya fara kame-kame yana rantsuwa da cewa haka Turawa ke yi, mai kuɗi ya naɗe tabarmarsa ya nemi wani.