Alkuki Ya Rasa Fitila, A Ba Shi Littafi

Duk wanda ya shiga gidan Bahaushe na gargajiya da idon lura zai tarar babu wani abu mai amfani da ba a yanka masa mazauni ba. Randa tana da gindinta a inuwa, tukunya tana da murhu, hatsi yana da rumbu, akuya tana da turke, kaza tana da akurki, har tsintsiya ma an san bayan ƙofar da take kwana. Baƙo yana da zaure, maigida yana da turaka, amarya tana da ɗakinta da jerenta. Abu guda ne ya shigo gida ya shekara aru-aru yana gararamba kamar agola, watau littafi. Yau yana ƙarƙashin matashin kai, gobe yana bisa buhun gero, jibi an yagi shafi biyu daga cikinsa an ƙulle daddawa.

Abin mamaki kuwa shi ne, ba rashin wuri ne ya jawo haka ba. Da wuya a sami gidan da ba shi da wani lungu ko saƙo da aka yi watsi da shi. Akwai kusurwar shigifa inda aka jingine tsohon keke tun zamanin da tayarsa ta mutu. Akwai ƙarshen rumfa, matattarar fasassun ƙore da tsummokara. A gidajen siminti akwai ƙarƙashin matakalar bene, wanda ya zama fadar gizo-gizo. Sa'an nan ga alkuki, ɗan gurbin nan da magina kan rarake a jikin bango domin ajiye fitilar aci-balbal. Tun da fitilar ƙwai ta kori aci-balbal, lantarki da tocila kuma suka kori fitilar ƙwai, sai alkuki ya zauna ba aiki, in ban da ajiyar tsohon mataji da kwalbar man da ya ƙare. Abin da ya kamata shi ne a share irin waɗannan wurare, a gyara su, a mayar da su mazaunin littafi da mai karanta shi. Maganar tana da kamar ƙarama, amma babba ce ta ɓuya a cikinta.

An daɗe ana kuka a sassan koyar da Hausa cewa jama'a ba sa karatu. Malami ya faɗa a aji, ɗalibi ya kwafa ya mayar masa a takardar jarrabawa, a ba shi maki, shi ke nan magana ta mutu sai baɗi. In an tashi neman dalili, sai a ce littattafai sun yi ƙaranci, ko sun yi tsada. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Tarihi ya nuna an yi ƙoƙari ƙwarai wajen samar da abin karantawa. Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933, ƙarƙashin Rupert East, ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi. A 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa. Hukumar NORLA ta zo a shekarun 1950 ta tallafa wa Yaƙi da Jahilci da ƙananan littattafai, kamfanin NNPC ya biyo baya a 1966. Daga shekarun 1980 kuma marubutan Kano suka cika kasuwa da littattafan da suka buga da kuɗin aljihunsu. Duk wannan aiki an yi shi ne domin a kawo littafi bakin ƙofar gida. Inda zai zauna bayan ya shiga, ba wanda ya tsaya ya yi wannan tunani.

Wani zai ce ai Bahaushe ya daɗe da wurin karatu a gidansa, tun kafin boko. Haƙiƙa kuwa. Zauren malami makaranta ne sukutum: ga buzu a shimfiɗe, ga gafaka a rataye, ga tawada da alƙaluma a alkuki, almajirai suna zuwa bayan asuba ko bayan la'asar kowa da littafinsa, a biya masa, ya tashi wani ya matso. Wannan gado ne abin alfahari, kuma shi ne hujjar cewa ware wuri domin littafi ba baƙuwar al'ada ba ce da za a ce an aro daga Turawa. Amma fa zaure na maza ne, kuma na manya. Yana fuskantar titi, ba ya fuskantar cikin gida. Matar aure ba ta zama a cikinsa, budurwa wucewa kawai take yi da sallama, yaro kuwa in ya zauna to jiran aike yake yi. Kuma ba kowane maigida ne malami ba. Zauren mafi yawan mutane na hira ne da cin tuwon dare. Saboda haka rabin mutanen gida, ko fiye da rabi, ba su da rabo a cikin wannan gado. Alhali kuwa ƙasar nan ce ta haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru inda jajojinta suke kai ilmi ga matan ƙauyuka. Ilmin da aka kai wa mata a wancan zamani, a cikin gida ya same su, ba a zaure ba.

To, a nan ne gizo yake saƙar. Karatun da Bahaushe ya sani tun fil'azal na murya ne. Yaron da ya rungumi allonsa yana rera karatu, duk gida an san abin da yake yi, kunne ya shaida, ba mai katse shi sai da babban dalili. Amma karatun zuci, wanda ido ke tafiya baki yana rufe, ba shi da mai shaida. Yarinyar da ta zauna shiru da littafi a cinya, a idon uwarta zaman banza take yi. Ba ƙiyayya ba ce, ba kuma jahilci ba. Uwa ta ga hannu biyu ba sa komai, ga wanke-wanke ya taru, ga niƙa ba a kai ba, ga goyo yana kuka. Sai a ji, "Ke, tun da ba abin da kike yi, zo ki karɓi wannan." Kafin ta gama shafi guda an kira ta sau uku. A rana ta farko za ta dawo ta nemi inda ta tsaya. A rana ta goma ba za ta dawo ba. Ƙaninta ma bai tsira ba, shi ne ɗan aiken sayo magi da kalanzir, sai dai shi yana iya sulalewa waje ya sami gindin bishiya, ita kuwa ba ta da wannan dama.

Amfanin lungun karatu na farko ke nan, kuma ya fi tabarma da matashi muhimmanci: wurin shi ne zai zama shaidar da murya ba ta bayar ba. Bahaushe yana girmama wuri in an ba shi suna. Ba a ratsa gaban mai salla, ba a taka tabarmar malam da takalmi, ba a shiga turaka kai tsaye. In maigida da uwargida suka taru suka ce wannan saƙo na karatu ne, wanda ya zauna a ciki tsakanin azahar da la'asar, ko bayan isha'i, ba a aikensa sai in gobara ta tashi, to an yi wa yaro abin da ya fi saya masa littafi goma. Ba a ce a sauke wa yara aikin gida ba. Aiki tarbiyya ne, kuma wanda bai iya share tsakar gida ba karatunsa da saura. Abin da ake nema kawai a yanka wa karatu lokacinsa kamar yadda aka yanka wa daka da girki nasu.

Gyaran wurin kansa ba ya bukatar kafinta daga birni. Abin lura na farko shi ne gara, domin ita ce babbar abokiyar gabar takarda a ƙasar nan, kuma daga ƙasa take tasowa ta bi bango a ɓoye; sai an ɗaga littafi a ga bango ne kaɗai ya rage. Saboda haka kada littafi ya taɓa daɓe, kada kuma ya jingina da bangon ƙasa kai tsaye. In alkuki za a yi amfani da shi, a yaɓe cikinsa da siminti ko a shimfiɗa masa falle na kwano, a shafe shi da farar ƙasa domin ko gara ta fara gini a gan ta da wuri. In kanta za a kafa, guntayen azara sun fi katakon banza, gama magina sun daɗe da sanin gara ba ta cika cin giginya ba. Wasu kan sa busasshen ganyen darbejiya tsakanin littattafai saboda ƙwari. A nisanta wurin da randa da makwarara, don danshi yana kumbura takarda ya sa ta yi funfuna. A kuma riƙa ɗaga tabarma ana kakkaɓewa, domin lungun da aka daɗe ba a shiga ba kunama ta riga ta ɗauke shi gidan gado.

Sai maganar haske. In za a huda taga, kada ta dubi gabas, domin daga can hadarin damina ya fi tasowa, shi ya sa bangon gabas ke riga sauran zaizayewa. Ta yamma kuma ranar la'asar za ta mai da wurin tanderu. Kudu ko arewa sun fi, a rataya ɗan asabari saboda ƙurar hunturu. Da dare, 'yar fitilar nan mai cin hasken rana ta wadatar, ba hayaƙi, ba tsoron gobara, ba jiran a kawo wuta. Wurin zama kuwa, ɗan dakali da tabarma da matashi guda ya isa. Bangon ƙasa mai kauri yana riƙe sanyi da rana fiye da ɗakin siminti mai rufin kwano, wanda mai shi ya kashe dukiya ya gina wa kansa zafi. Kada a ƙawata wurin ya wuce kima. In ya yi kyau da yawa, baƙi za a riƙa saukewa a ciki, ko maigida ya mai da shi wurin ƙailula.

Akwai masu cewa wannan shawara ta masu hali ce, mutumin da ke ɗaki ɗaya a gidan haya da 'ya'ya shida ina ya ga lungu? Wannan magana tana da nauyi, ba a kuma raina ta. Sai dai ko a ɗaki ɗayan, akwai kabad cike da kwanuka da tangaran waɗanda tun ranar jere ba a taɓa zuba musu miya ba. Jere darajar mace ne, ba mai cewa a rushe shi. Amma in aka ɗauke tasa huɗu daga hawa na ƙasa aka jera littafi goma, ba abin da ya ragu daga mutuncin ɗakin, kuma yaron da ya tashi yana ganin littafi a sahun kayan da uwarsa take taƙama da su ya riga ya koyi wani abu tun bai iya baƙi ba. Ya fi a kulle littafi cikin adaka a tura ƙarƙashin gado, inda ba ya lalacewa, ba kuma ya amfanar kowa.

Wasu kuma tsoronsu kaɗaici ne. Bahaushe ba ya son ganin yaro ya ware kansa, yakan ce miskilanci ne ko girman kan boko, tsofaffi ma su ƙara da cewa lungu ba ya rasa masu shi. Amsar ita ce kada a sa wa wurin ƙofa. Ya zama ana hango mai karatu daga tsakar gida, shi ma yana jin motsin mutane, kuma faɗinsa ya ɗauki mutum biyu, domin wa ya biya wa ƙani, ko jika ta karanta wa kakarta labarin aku da ɗan sarki daga Magana Jari Ce kamar yadda aka saba yi a da. Abin da ke raba yaro da mutanen gidansu a yau ba littafi ba ne, wayar hannu ce, wadda ba ta nemi lungu ba, ba ta nemi izinin kowa ba, ta bi shi har cikin mayafi. Dokar wurin ta biyu ke nan: waya ta tsaya a waje tare da takalmi.

Sauran magana ta koma kan ɗaliban Hausa da malamansu, tun da su ne suka fi kowa kukan rashin masu karatu. Ɗalibi yakan yi shekara huɗu yana tara littattafan zube da na wasan kwaikwayo da na waƙa saboda jarrabawa. Ran da ya gama, sai ya ɗaure su cikin kwali ya kai gida ya ɗora bisa kabad, ko ya sayar wa na bayansa da rabin kuɗi. A cikin kwalin nan akwai Ruwan Bagaja, akwai So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, akwai Uwar Gulma, akwai abin da zai riƙe ƙannensa shekara guda cur. Hutu mai zuwa, wuni ɗaya ya ishe shi ya fitar da tsohon keken nan daga shigifa, ya share yanar gizo, ya sayo farar ƙasa. Abin da zai fi ba shi wuya shi ne zaman da zai yi da mahaifiyarsa, ya durƙusa ya roƙi arziki a bar wa Ƙanwa sa'a guda bayan azahar, ya kuma faɗi wanda zai kai niƙa a madadinta muddin yana gari.