Manhajar da Za Ta Yi Aiki Ranar da Aka Ɗauke Wuta

Duk wanda ya nemi shawara a intanet kan yadda zai inganta aikinsa daga gida, jeri iri ɗaya zai tarar: manhajoji goma ko ashirin da aka ce babu makawa sai da su. Zoom don taro, Slack don tattaunawa, Notion don tsara bayanai, Trello don bin diddigin ayyuka. Babu ƙarya a jerin, domin kowaccensu tana yin abin da aka ce tana yi. Inda gizo ke saƙar shi ne, mafi yawan masu rubuta irin wannan jeri suna zaune ne a garuruwan da ba a ɗauke wuta, inda ake biyan kuɗin intanet sau ɗaya a wata ba tare da ƙidayar gigabait ba.

Akantan da ke Kano yana riƙe da lissafin wani kamfani na Legas, da mai fassarar da ke Zariya tana karɓar aiki daga Landan, da injiniyan manhajar da ke Kaduna wanda shugabansa ke Nairobi, halin da suke ciki daban ne. Ranar da aikinsu ya makara saboda rashin wuta, wanda ke jira a can rashin cika alkawari kawai yake gani. A kasuwar da ake iya sallamar mutum da imel guda, faruwar haka sau biyu ko uku ta isa ta raba shi da kwantiragin da yake ci da iyalinsa. Don haka ma'aunin zaɓen manhaja a nan tambayoyi biyu ne. Me zai sami aikin idan wuta ko netwok ya ɗauke? In kuma an dawo bayan wata uku, za a iya gano abin da aka yanke da wanda aka ɗora wa alhakinsa?

Darasin 'yan shekarun nan

Aiki daga gida ya zo wa mutane da yawa ne ba shiri, lokacin kullen korona na 2020. A Disambar 2019 Zoom yana da mahalarta taro kimanin miliyan 10 a rana. Zuwa Afrilun 2020 adadin ya kai miliyan 300. Ofisoshi suka kwashi al'adunsu gaba ɗaya suka zuba cikin kiran bidiyo, aka wayi gari an ɗauka cewa aiki daga nesa yana nufin kowa ya kasance a kan layi a lokaci guda.

Abubuwan da suka biyo baya a Najeriya sun fito da raunin wannan tunani. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya matakin ya shafi wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ranar 4 ga Oktoban shekarar, WhatsApp da Facebook da Instagram suka tsaya cak a faɗin duniya na kusan awa shida. Ranar 14 ga Maris na 2024 wasu manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkokin bankuna da ofisoshi suka rikice daga Abidjan zuwa Legas. A Oktoban 2024 kuma mafi yawan jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da layin da ke bi ta Apir a Binuwai ya samu.

Ga kuma tsada. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya mayar da tayar da janareta wani babban lissafi, sannan a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Wanda ya tsara aikinsa kamar waɗannan abubuwa ba za su sake faruwa ba, caca yake yi da abincinsa.

Aikin ya zauna a hannun mai shi

Ƙa'ida ta farko mai sauƙi ce: duk abin da mutum yake aiki a kansa a wannan makon ya kasance akwai kwafinsa a cikin kwamfutarsa ko wayarsa, ta yadda zai buɗe shi ko da babu intanet. Google Docs da Sheets suna iya wannan, amma sai an kunna tsarin tun da wuri, lokacin da netwok ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Word da Excel na kan kwamfuta dama ba sa jiran intanet, kuma OneDrive yana tura gyare-gyaren da aka yi da zarar layi ya dawo. Wanda ba ya son biyan kuɗin Microsoft yana da LibreOffice kyauta. Mai yawan rubuce-rubuce da tara bayanai kuma zai amfana da Obsidian, wadda ke ajiye komai a matsayin fayil na rubutu zalla a cikin kwamfutar mai ita, wanda za a iya buɗewa ko da kamfanin ya rufe gobe.

Ƙa'idar tana da ɗaya fuskar. Kwamfuta tana lalacewa, ana kuma ƙwacen waya. Saboda haka kwafi na biyu ya zauna a intanet: Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, OneDrive 5, Dropbox 2. Ga mai aikin rubutu da lissafi wannan ya wadatar na dogon lokaci.

Akwai wani ƙaramin abu da masu aiki da Hausa ke yawan rainawa, wato haruffa masu lanƙwasa. Mai fassarar da ya miƙa aiki babu ƙ da ɗ da ɓ ya bar wa edita ƙarin wahala, ya kuma rage wa kansa daraja. Gboard yana da allon rubutun Hausa a waya, Keyman kuma yana yin wannan aiki a kwamfuta, duka kyauta.

A rage taro, a yawaita rubutu

Babu abin da ya fi kiran bidiyo rauni a hannun ma'aikacin da ke nan. Yana buƙatar wuta da netwok mai ƙarfi da ɗaki mara hayaniya, duka a sa'a guda, a wurin kowane mahalarci. Awa ɗaya takan cinye ɗaruruwan megabait, wani lokaci har ta haura gigabait. Mafi muni, wanda layinsa ya yanke minti goma ya rasa abin da aka yanke, kuma sau da yawa kunya ba ta barinsa ya ce a maimaita.

Kamfanonin da suka fi daɗewa a wannan harka sun gano haka tun kafin korona. GitLab, wanda ma'aikatansa ke warwatse a ƙasashe da dama ba tare da ofishin da ake zuwa kullum ba, ya gina aikinsa ne a kan wani katafaren kundi da kowa zai iya karantawa a intanet, inda ake rubuta yadda ake yin komai. Hikimar ita ce, abin da aka rubuta yana jiran mutum. Wanda wutarsa ta dawo ƙarfe huɗun yamma zai karanta, ya ba da nasa ra'ayin, ba abin da ya wuce shi.

Ƙaramar ƙungiya ba ta buƙatar kundi irin na GitLab. Takarda ɗaya a Google Docs da ake rubuta shawarwarin kowane mako ta isa, tare da allo ɗaya a Trello ko ma jadawali a Sheets mai ginshiƙai uku: aiki, mai shi, ranar gamawa. In taro ya zama dole, a aika abin da za a tattauna tun kafin lokacin, a kashe kyamara bayan gaisuwa, a kuma naɗa mai rubuta abin da aka tsayar. Iyakar minti 40 da Zoom ya sa wa taron kyauta, da awa ɗaya ta Google Meet, sun ishi mafi yawan tarurruka in an shirya. Mai aiki da ƙasashen waje kuma ya ƙara agogo na biyu a Google Calendar, domin Najeriya ba ta sauya agogo amma Ingila tana yi: lokacin bazararsu Kano da Landan agogo ɗaya ne, lokacin sanyinsu Landan tana baya da awa guda.

Maganar WhatsApp

A nan ne masu ja za su ja, kuma suna da hujja. WhatsApp ita ce ofishin gaskiya na mafi yawan ma'aikata a ƙasar nan. Tana aiki a netwok mai rauni, tana riƙe saƙo har layi ya dawo, ba ta cin data sosai, kuma kowa ya iya ta, daga darakta har direba. Saƙon murya ya dace da jama'ar da suka saba da gaisuwa da kara, inda rubutu busasshe ga na gaba kan yi kama da rashin ladabi. A tambaya ta farko, ta wuta da netwok, WhatsApp ta ci jarrabawa fiye da yawancin manhajojin da ake yayatawa.

A tambaya ta biyu take faɗuwa. Umarnin da shugaba ya bayar cikin saƙon murya na minti huɗu, tsakanin sanarwar ɗaurin aure da hoton ta'aziyya, babu mai iya laluben sa bayan wata guda, domin akwatin bincike ba ya jin murya. Fayil ɗaya yakan zagaya zaure sau biyar da gyara daban-daban, har a rasa wanne ne na ƙarshe. Ma'aikacin da ya bar aiki yakan tafi da tarihin hulɗa da abokan ciniki a wayarsa. Idan kuma rigima ta tashi kan wanda aka ce ya yi kaza, ƙaramin ma'aikaci ne ke kwana ciki, tunda ba shi da rubutun da zai nuna. Bayan haka, da yake zauren ofis da na dangi da na tsofaffin ɗalibai suna wuri ɗaya, babu sa'ar tashi daga aiki, babu kuma sa'ar da aiki ke samun mutum shi kaɗai.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a ba WhatsApp matsayin ɗan aike. Ta sanar cewa an saka sabon aiki a allo, ta kai saƙon gaggawa, ta ɗauki gaisuwa da zumunci. Amma duk abin da aka yanke, ko da ta saƙon murya aka faɗe shi, wani ya mayar da shi layi biyu na rubutu a takardar da kowa ke gani. Komawa Slack kaɗai ba ya magance wannan, domin tsarinsa na kyauta saƙonnin kwana 90 kawai yake nunawa. Hira hira ce ko a wace manhaja aka yi ta.

Hankali da makulli

Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta shafe shekaru tana auna tsawon lokacin da mutum ke tsayawa a kan abu ɗaya a allon kwamfuta. A 2004 ta samu kimanin minti biyu da rabi. A bincikenta na baya-bayan nan ya sauko zuwa daƙiƙa 47. Kowace sabuwar manhaja ƙarin ƙofa ce da sanarwa za ta shigo ta kanta, alhali taura biyu ba ta taunuwa. Ga wanda batirinsa awa uku kacal yake riƙewa, wannan asara ta ninku. Maganin yana cikin wayar tuni: tsarin hana damuwa da ke Android da iPhone, da agogon da za a saita minti 25 na aiki ba waiwaye, dabarar da Francesco Cirillo ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980. A kuma ware sa'o'in wuta don aikin da ke buƙatar kwamfuta, a bar amsa saƙonni ga waya.

Makullin shiga shi ma yana da nasa tarkon. Lambar sirrin da ake turowa ta tes ba ta zuwa idan babu netwok, kamar yadda mutanen Zamfara suka gani, kuma wanda ya sace layin mutum ya sace ta. Google Authenticator da ire-irenta suna samar da lambar a cikin wayar ko babu layi. Bitwarden tana adana kalmomin sirri kyauta. Lambar tsaro mai alƙaluma shida ta WhatsApp kuwa, minti ɗaya ake kunna ta, kuma ita ce babbar garkuwa daga masu ƙwace zaure su riƙa roƙon kuɗi da sunan mai shi.

Mai sola da Starlink fa?

Wani zai ce duk wannan lissafin marasa hali ne, wanda ya sayi sola da inbata, ya haɗa Starlink da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ya huta. Gaskiya ne ya rage wa kansa wahala, kuma mai iko ya kamata ya yi. Sai dai aiki na ƙungiya ne, kuma tafiyarta ba ta wuce ta wanda ya fi kowa raunin netwok. Shugaban da ke Maitama yana kiran taron bidiyo sau uku a rana, kuɗin datar ma'aikacinsa na Gusau yake kashewa. Wanda kuma ya saka wa ma'aikata manhajar da ke ɗaukar hoton allonsu tana ƙirga motsin hannunsu, zaman kujera yake aunawa, alhali abin da ya biya kuɗinsa shi ne aikin da aka gama.

Sauran matsalar ba ta manhaja ba ce. A gidaje da yawa, wanda aka gani a gida an ɗauka ba shi da abin yi: a aike shi, a yi masa sallama, mace kuma a jira ta da girki. Wannan sai an zauna da iyali an tsayar da sa'o'in da ƙofa za ta kasance a rufe.

Idan aka tace, kayan aikin ba su da yawa: wurin rubutu da ke buɗewa ba intanet, ma'ajiya ta biyu, allo ɗaya na ayyuka, kalanda, da makulli mai ƙarfi. Kusan dukkansu kyauta ne. Gwajinsu ma kyauta ne: a zaɓi wata safiya a kashe data da hannu na awa uku, a ga abin da ya tsaya. Abin da ya tsaya ɗin shi ne ya kamata a gyara a wannan makon, tun wuta tana nan.