Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ma'aikatan jinya kan kwanakin ƙarshe na iyaye

Zuwa ga ma'aikatan jinya na asibitoci da masu zagaya gidaje,

Jikin dattijon da ajali ya kusanto yana shiga wasu sauye-sauye da ma'aikacin jinya ya saba gani, amma ga 'ya'yan da ke zaune a bakin gado yawanci wannan ne karo na farko. Abin da ba a bayyana musu da wuri ba shi ne yakan zame musu zargin kai bayan jana'iza. Saboda haka bayani yana cikin aikin jinya, daidai da ba da magani.

Ci da sha ne suke fara raguwa. Majinyaci ya ture kunu, barci ya yawaita, fitsari ya ragu ya yi duhu. A nan hankalin 'ya'ya ya fi tashi, domin a ganinsu yunwa ce za ta kashe Baba ko Inna suna kallo. Wajibi ne a faɗa musu ƙarara cewa ciwon ne ya ɗauke sha'awar abinci, kuma ɗura wa wanda haɗiya ta gagare shi na iya sa ya ƙware, abincin ya wuce huhu. Sai a ba su aikin da zai amfane shi: jiƙa masa leɓe da auduga, shafa mai, da juya shi a shimfiɗa.

Daga nan numfashi ya sauya. Yakan yi zurfi da sauri, ya lafa, ya ɗauke na wasu daƙiƙoƙi, sannan ya dawo. Likitoci na kiransa numfashin Cheyne-Stokes, daga sunayen John Cheyne da ya siffanta shi a 1818 da William Stokes a 1854, dukansu a Dublin. Kakarin da ake ji kuwa majina ce da miyau suka taru a maƙogwaro saboda tari da haɗiya sun tsaya. Ƙarar ta fi damun masu sauraro fiye da majinyacin da ya riga ya fita hayyacinsa, kuma kwantar da shi a gefe na rage ta. Hannaye da ƙafafu sukan yi sanyi, launinsu ya sauya. A baƙar fata sauyin launi ba ya fitowa sosai, sai a duba leɓe, farce da tafin ƙafa. Wani majinyacin yakan farfaɗo na ɗan lokaci, ya nemi abinci, ya yi wasiyya. Bai dace a bar iyali su ɗauka waraka ce ta zo ba.

Ji na iya wanzuwa har kusan ƙarshe. Wani bincike na Jami'ar British Columbia a Kanada, wanda aka buga a 2020, ya nuna ƙwaƙwalwar majinyatan da suka daina amsawa tana ci gaba da karɓar sauti. Don haka a laƙƙana kalmar shahada a hankali, ko addu'ar da addinin majinyacin ya tanada, kuma a kai zancen kuɗin asibiti da gado waje.

Idan rai ya yi halinsa, a rufe idanu, a ɗaure haɓa, a miƙe gaɓoɓi, domin sandarewa na farawa cikin awa 2 zuwa 6, zafi kuma na gaggauta ta. Fitar fitsari ko iska daga baki yayin juya gawa ba alamar sauran rai ba ce, kuma ya kamata masu wanka su san haka tun kafin su fara.

Baƙin ciki ma yana taɓa jiki: rashin barci, nauyin ƙirji, kasala, rashin cin abinci. Binciken da mujallar Circulation ta buga a 2012 ya gano haɗarin bugun zuciya na ninkawa kusan sau 21 a ranar farko ta rashi. Duk mai hawan jini ko ciwon suga a gidan, musamman uwar da ta shiga takabar wata 4 da kwana 10, a tunatar da shi shan magani, idan kuma ya ji ciwon ƙirji a garzaya da shi asibiti. Zaman makoki yana ɗebe kewa, amma kaɗaicin na sauka ne bayan masu ta'aziyya sun watse, kuma a lokacin ziyarar ma'aikacin jinya ta fi amfani. Idan bayan wata 6 mutum bai iya komawa harkokinsa ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan dogon jimami cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, kuma mai shi na bukatar ganin likitan ƙwaƙwalwa.