Waiwaye: Mun Tuna Lilo, Mun Manta Kura

Duk wanda ya tashi a wajejen Kwangila kafin a ɗora mana gadar sama, ya san Sallah ba ta ƙarewa a filin Idi. Can ake yin ta manya. Tamu ta yara kuwa a nan muke yin ta, inda hanyar Samaru ta rabu da ta Kano. Da an ci tuwon Sallah, an zaga dangi, aljihu ya yi nauyi da kwabbai, sai ƙafa ta ja mu wani fili da ke bayan tasha, filin da yau ko taku goma ba za ka yi a cikinsa ba sai ka yi karo da shago. Abu biyu ke jiranmu a wurin, lilo da gardawa.

Lilon nan in da idon yau za a dube shi, dariya za a yi. Wani kafinta ne ya harhaɗa shi da katako da ƙarafunan tsohuwar mota, akwatuna huɗu na reto a jikin wata ƙatuwar ƙafa mai kama da ta amalanke. Ba inji, ba lantarki. Samari biyu majiya ƙarfi ke tura shi, gumi na tsiyaya, mai lilo na zaune a benci da gwangwanin kuɗi tsakanin ƙafafunsa. Kwabo biyu zagaye goma, kuma mu ke ƙirgawa da babbar murya don kada a cuce mu. In akwatinka ya kai ƙololuwa, cikinka ya ɗaga, ka hango Dutsen Kufena ya yi shuɗi-shuɗi can nesa, sai ka ji duk ƙasar Zazzau ba wanda ya kai ka. 'Yan mata na ihu suna dafe ɗankwali, mu kuma mun cije baki, wai mu maza. Har gobe in na ji kukan ƙofar da ta rasa mai, sai ƙamshin sabon yadi da turaren Bintu Sudan su dawo mini a hanci.

Abin da ya tono wannan zance shi ne wata gardama da aka tafka a teburin mai shayi, nan ƙarƙashin gada, bayan Sallar da ta wuce. Wani abokina tsohon direba ya kai jikokinsa wurin wasan yara na zamani, ya dawo yana huci. Wai an kashe mana Sallah. Komai janareta, komai tikiti, ga wani gidan roba da ake hura wa iska yara na tsalle a kai kamar 'yan awaki, kuɗin da ya kashe a kan yara uku ya isa cefanen kwana biyu. Wani malamin makaranta, sa'an ƙannenmu, ya tare shi: "Haba Yaya, lilon naku da kuke ta yabo, yara nawa ya karya? Ko ɗamara babu." Direba ya ce ai karayar ma tarbiyya ce. Aka kwashe da dariya. Ni dai ban tanka ba, don na tuna wani yaron unguwarmu da ya zamo daga akwati, aka kwashe shi sai gidan maɗori, ya ƙarasa Sallarsa da karare a hannu. Masu magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Da gaskiyarsu, amma wani lokacin ba barar ce ta fi ba, ƙuruciyarmu ce muke nema a cikinta.

Kada mu ɗauka mu kaɗai ke wannan musu. Ɗan ɗana ya nuna mini a wayarsa yadda aka yi irinsa a Amurka. Suna da wani lilon ƙarfe mai gudu a kan layin dogo, Kingda Ka, a wurin wasa na Six Flags da ke jihar Niyu Jazi. An buɗe shi a 2005, tsayinsa mita 139, yana cilla mutane da gudun da ya haura kilomita 200 a awa. A ƙarshen 2024 aka rufe shi ba tare da an yi wa masoyansa sallama ba, a Fabrairun 2025 aka sa nakiya aka kayar da shi don a gina wani. Ka ga ƙarti da gemunsu suna jimami kamar an yi musu rasuwa, wasu na cewa sabon zai fi, wasu na cewa har abada. Na ce ashe direbanmu yana da dangi a can.

Da daddare ina ba yara labarin nan a tsakar gida, har na kai kan gardawa. Nan ne fa baki ya buɗe, don in lilo shi ne tuwo, gardawa su ne miya. Tun daga nesa za ka jiyo ganga da ƙarar akayau, sai fili ya dare. Ga su nan ba riga, ƙirji duk layu, damtse duk kambu, an sha warki da guru, ido jajir. Ɗaya ya rataya mesa a wuya kamar rawani ya warware. Wani na jan bika da aka sa wa riga da wando, yana sara wa mutane yana miƙa hannu. A tsakiya kuma ga uwar gayya, kura, an ɗaure mata baki da takunkumin igiya, sarƙa mai kauri a wuya, tana tafe tana ɗingisa ƙugu kamar mai jin kunya. Gardi ya daka tsawa, ya ja sarƙa, ta yi tsalle ta dafe shi, su yi ta birgima cikin ƙura. In ta yi gardama a sauke mata gora a gadon baya. Mu yi ihu, mu watse, mu sake dawowa. Wani uban ma har ya biya a ɗora ɗansa a bayanta, wai don ya yi saurin tafiya ko ya daina tsoro. Daga nan sai a shimfiɗa buhu a baje magani, na maciji, na kunama, na ƙarfe, na mayu.

Ina cikin kwaikwayon tafiyar gardi, sai jikata, 'yar shekara bakwai da nake kira amarya, ta katse ni.

"Angona, ita kurar in an gama wasa ina take zuwa?"

Na ce gida mana, wurin mai ita.

"A'a, gidansu nake nufi. Ba ta da uwa?"

Shekara sittin da ɗoriya ina ba da labarin nan, ban taɓa kai wa nan ba. Na san kalar warkin gardi, na san yawan kwabban da na jefa, amma ban taɓa tambayar ko kurar ta sha ruwa ran nan ba, a tsakiyar rana, baki a ɗaure. Kuma abin mamaki, amsar tana bakinmu tun fil azal. Wa bai san kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ba? Leburan da ɗan kwangila ya danne wa haƙƙi ya faɗe ta. Kwandasta ya faɗe ta a kan direba, direba ya faɗe ta a kan mai mota. Kowa a tashar nan ya taɓa zama kura a bakinsa. Mun ari wahalarta mun yi wa kanmu kuka da ita, ita kuwa mai wahalar ba wanda ya waiwaye ta.

Laifin tatsuniya ma yana ciki. Tun muna kan cinyar kakanninmu aka koya mana cewa kura sakarya ce, ga kwaɗayi ga tsoro, kullum Gizo na yi mata wayo. Masana dabbobin daji kuwa wani abu daban suka gani. Kura mai dabbare-dabbare a cikin dangi take rayuwa, garke guda kan kai gommai, kuma mata ke mulki, sun ma fi mazan girma. Ba mushe kaɗai take jira ba, yawancin abincinta da kanta take farautowa, tana iya cin kilomitoci masu yawa a dare guda, ga muƙamuƙin da ke farfasa ƙashi. Tana haihuwar 'ya'ya ɗaya ko biyu a rami, ta daɗe tana shayar da su, fiye da shekara. To daga irin wannan rami ake ɗauko wadda muka yi wa ihu. Gardawa kan ce da asiri suke shiga su fito da ita. Ko da me suka shiga, akwai wadda ta dawo ta tarar da rami wayam.

Can Amurkar ma, tun kafin musun ƙarfe, sai da maganar mai rai ta taso musu. Akwai wata dabbar teku baƙa da fari da suke kira oka, siffar kifi gare ta amma tana shaƙar iska tana shayarwa, kamar dai ayun da ke kogin Binuwai da Kwara, wanda mu kuma mansa kawai muka sani a bakin masu tallar magani. Wuraren wasa na SeaWorld sun shekara da shekaru suna tara jama'a da tsalle-tsallen waɗannan dabbobi a cikin kwarmin siminti. Wani namiji mai suna Tilikum, da aka kamo yana ƙarami a tekun Aisilan a 1983, ya kashe mai horar da shi a Orlando a Fabrairun 2010. A 2013 aka fitar da fim mai suna Blackfish a kan rayuwarsa, mutane suka fara ƙaurace wa wurin, har a Maris na 2016 kamfanin ya sanar da daina kiwata su don haihuwa. Kanada ta kafa doka a 2019 ta hana sabon kamu da kiwon irinsu don nishaɗi. Shi Tilikum a cikin kwarmin ya mutu, a Janairun 2017, bai sake ganin teku ba. Abin da na lura shi ne ba wata sabuwar hujja aka kawo musu ba. Tambayar amaryata ce kawai wani ya yi da ƙarfi, jama'a suka ji.

Mu namu kwarmin shi ne gidan zu na Kano, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako a farkon shekarun 1970. Wane ɗan Zariya ne bai taɓa shiga mota a Kwangila ran kashegarin Sallah don ya je ya ga zaki ba? Ni can na fara ganin jimina ido da ido, kuma ba zan yi butulci ba, ɗan talaka ba shi da wani wurin da zai ga waɗannan halittu in ba can ba. Amma ku tuna 2019. A watan Yuni labari ya cika duniya wai gwaggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga da aka tara da Sallah, har sai da Gwamna Ganduje ya fito ya ce babu ma irin wannan biri a gidan. Mun sha dariya, mun yi ta barkwanci. Ga karin maganar nan dai ta sake fitowa da sabuwar riga, dabba da ɗaukar laifi, mutum da ɗaukar kuɗi. A Oktoban shekarar kuma zaki ya kuɓuce a gidan, aka kwashe kusan kwana biyu ana fama kafin ya koma keji. Na Jos da ya fita a Disamban 2015 bai yi wannan sa'a ba, harbe shi aka yi.

Ban ɗauko alƙalami don in tsine wa gardawa ba. Sana'a ce ta gado, da ita suka ci da iyali, kuma na san akwai wanda zai kwana da yunwa ya sayo wa kurarsa kai da ƙafa a mahauta. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi wasu gardawan ƙasar nan tsakanin 2005 da 2007, hotunansa suka zaga duniya. Turawa suka yi ta tausayin kura, kaɗan ne suka tambayi abin da ya sa ƙato mai lafiya yake yawo gari-gari da sarƙa a hannu kafin ya ci abinci. Su sun ga kura sun manta gardi, mu mun ga gardi mun manta kura. Amma mu namu ya fi zafi, don a makarantar allo da ta dare an karantar da mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba, da na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare. Mun haddace, mun tashi daga gaban malam, mun wuce filin bayan tasha da kwabonmu a hannu.

A birnin Harar na ƙasar Habasha, kuraye da kansu suke fitowa daga daji da daddare, su zo bakin ganuwa, wani mutum ya miƙa musu nama a kan ɗan tsinke, baƙi na kallo suna biya, in sun ƙoshi su juya abinsu. Ba sarƙa, ba gora. Sai dai wannan sai da daji. Iyayenmu sun ce da can in dare ya raba ana jin kukan kura daga wajen Kufena da bakin Kubanni, har a riƙa jan awaki cikin gida. Yau gidaje da gonaki sun cinye ko'ina. Yaran Hanwa da Dogarawa ba su san muryarta ba sai a waya, gardawan ma sai a jima ba a ga ƙeyarsu ba.

Da safe na koma teburin mai shayi, na tarar direba da malamin makaranta sun ɗora daga inda suka tsaya, katako ko ƙarfe, hannu ko janareta. Na ja benci na zauna, na ce wa direba, "Alhaji, ka tuna kurar nan mai yagaggen kunne da ake kawowa bayan tasha?"

Ya ce, "Sosai ma! Ai ni har bayanta an ɗora ni."

Na ce, "To ina ta ƙare?"

Ya ɗaga kofi zai kurɓa, ya tsaya. Tirela ta wuce ta saman gada, teburin ya ɗan girgiza. Mai shayi ya ce a ƙara madara ne ko a bar shi haka.