Kun Ci Ladan Kuturu, Ku Yi Masa Aski

Kwana uku cur lissafin ƙungiyarmu ta masu albasa da bandar kifi ya yi a kulle cikin wani baƙin akwati a ƙuryar ɗakina a Yelwa, ni da na sayo akwatin da kuɗin jama'a ina tsaye a gabansa kamar baƙo. Ɓarawo bai shigo ba, gobara ba ta tashi ba. Abin da ya tsayar da mu ɗan rubutu ne da bai kai tsawon yatsa ba, wanda mutumin da muka biya ya haɗa mana na'urar bai ga damar rubutawa ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Tsohuwar kwamfuta ce ta hannu muka mayar uwar garke, abin da masu sana'ar ke kira saba. Tana ɗauke da Linux, ba allo, ba linzami, tana zaune kusa da batirin sola. A cikinta ake rubuta wanda ya kawo buhu nawa, wanda ya ci bashi da wanda ya biya, tun daga mutanenmu na tsibirai har masu kawo kaya daga Wara da Shanga. Sakatare da ma'aji sukan shiga ta wayoyinsu. Ranar da aka haɗa ta na tambayi injiniyan, "To in ta tsaya fa, ta ina zan ga abin da ke damunta?" Ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, ai saba ba ta buƙatar allo. Ta SSH ake shiga." Na ja bakina na yi shiru, kada a ce tsoho ya cika tambaya.

Wani dare cikin damina aka yi ta wasa da wuta, a kawo a ɗauke, ga batiri ya gaji don rana ba ta fito ba kwana biyu. Da safe waya ta nemi na'urar, shiru. Fanka na juyawa, 'yar fitila na ci, amma ba amsa. Na ɗauko tsohon monita mai inci 15, na jona shi da 'yar mahaɗar nan ta kasuwa mai juya HDMI zuwa VGA. Rubutu ya fara fitowa, na ce alhamdu lillahi, sai ya ɓace, wani ɗan akwati ya hau yawo a allon yana cewa hoton ya fi ƙarfinsa. Na kinkimi na'urar zuwa talabijin na falo. Nan kuma rubutun ya fito kamar jerin tururuwa, gefen hagu a yanke, farkon kowane layi ya shige cikin bakin talabijin. Da tabarau, da tocila, da durƙuso, ban iya haɗa kalma biyu ba.

Na kira injiniya. Ya ce in shiga ta SSH. Na ce, "Injiniya, ta ina, alhali ba ta hau netwok ba?" Ya ce to sai ya zo, in tura kuɗin mota zuwa da komawa, da na aiki, kuma sai mako mai zuwa. Ga masu kaya a ƙofar gida suna jiran a duba littafi a biya su.

Ɗiyar ƙanwata ce, mai karatun kwamfuta, ta zo hutu a rana ta uku. Ta kunna na'urar da tsohon monitan, ta danna Esc har jerin zaɓin GRUB ya bayyana, ta danna e, ta gangara layin da ya fara da linux, ta ƙara video=1024x768 a ƙarshensa, ta danna Ctrl da X. Sai ga rubutu raɗau. Ashe duk kwanakin nan na'urar tana tsaye ne tana faɗin ciwonta: ɗaukewar wuta ta hargitsa faifan ajiya, tana so a yi mata fsck, wato a duba faifan a gyara, kafin ta ci gaba. Yarinyar ta rubuta umarnin, ta amsa tambayoyin, kafin a sauke shayi komai ya dawo. Ta ce, "Kawu, ai tun ranar farko ya kamata a saita wannan." Maganar da ta fi ƙona mini rai ke nan, domin gaskiya ce.

Da na matsa mata ta yi mini bayani, na ga abin ba tsafi ba ne. Duk lokacin da aka jona allo, kwamfuta takan tambaye shi ɗigo nawa yake iya nunawa a kwance da a tsaye. Amsar tana cikin wani ɗan bayani mai suna EDID, wanda asalinsa bayit 128 ne kacal, ƙungiyar VESA ta tsara shi tun 1994. A wayar VGA mai tsinke 15, wadda IBM ta fito da ita a 1987, ta tsinke na 12 da na 15 amsar ke bi. Wasu wayoyin masu araha ba a ma haɗa waɗannan tsinkayen ba, sai kwamfuta ta yi tambaya ta ji shiru, ta koma kintace. Wasu mahaɗan kuma sun fi haka sharri: su ne ke amsawa a madadin allon, kamar ɗan kamasho da ke rantsuwa mota za ta ɗauki mutum goma alhali kujera biyar gare ta. Tawa ta ce 1920x1080, monita kuwa iyakarsa 1024x768. Tun wajen 2009 ƙwayar Linux ita ke zaɓen girman hoto da kanta jim kaɗan bayan tashi, kuma takan ɗauki wanda allo ya ce shi ya fi so. Shi ya sa rubutu ya fara fitowa sannan ya ɓace. Na'urar ta gaskata abin da aka faɗa mata ne.

Tururuwar talabijin ma lissafi ne. Harafin da Linux ya saba amfani da shi a baƙin allo faɗinsa ɗigo 8 ne, tsawonsa 16. A kan 1920x1080 za ka sami harafi 240 a layi ɗaya, layi 67 a allo. Kwamfutocin da, harafi 80 ne a layi 25. Wane mai shekara hamsin ne zai karanta harafi 240 a jere cikin ɗaki mai duhu? Yankewar gefe kuwa ɗabi'ar talabijin ce da ta gada tun zamanin masu ƙaton baya, takan ɗan buɗa hoto ya wuce baki, kuma a cikin saitin hoton talabijin ɗin ake kashe ta.

Maganin dindindin bai kai minti biyar ba. A buɗe /etc/default/grub, a sa video=1024x768 a layin GRUB_CMDLINE_LINUX, domin shi ne ke aiki har a yanayin ceto, a sa GRUB_GFXMODE=1024x768 don jerin zaɓin farko, sannan a rubuta update-grub. Mai amfani da talabijin a Debian ko Ubuntu ya rubuta dpkg-reconfigure console-setup, ya zaɓi harafin Terminus mai 16x32, layi ya koma harafi 120. Shi ke nan. Ilimin da aka so in biya kuɗin mota a kansa ke nan.

Na san abin da gwanaye za su ce: SSH ya fi sauƙi, ya fi tsaro, duk duniya da shi ake aiki tun da Tatu Ylönen ya ƙirƙiro shi a Finland a 1995. Ban musa ba, ni ma da shi ake yi mini aiki kullum. Amma ƙofa ce da ba ta buɗewa sai na'ura ta tashi lafiya ta hau netwok. Ranar ciwo, allo da kibod kaɗai suka rage. Ko manyan ɗakunan ajiye bayanai na Turai da Amurka, masu janareto da batura jibge, suna ajiye monita da kibod a kan ɗan keken turawa saboda irin wannan rana. Su da wutarsu ba ta ƙiftawa sun yi tanadi, sai mu ne za a ce ba mu buƙata?

A nan ne takaicin ya ninka. Muna zaune a bakin tafkin Kainji. An fara gina madatsar a 1964, aka gama a 1968, aka girka injuna takwas masu ƙarfin megawat 760. Don a yi ta aka tashi mutum sama da 40,000 daga gidajensu da gonakinsu, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa, Gungawa da yawa suka bar tsibiran kakanninsu. Wutar tana bin manyan turaku zuwa Birnin Kebbi, har ta tsallaka Yamai. Mu kuwa ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Duk mai haɗa na'ura a Yauri ko Ngaski ko Shanga ya san da wannan, domin shi ma a shagon caji yake cika wayarsa. Ya san na'urar da ya haɗa za ta mutu babu sallama sau da yawa, kuma wata rana za ta ƙi tashi. In ya san haka ya tafi bai saita allo ba, ko dai sakaci ne, ko kuwa ya bar wa kansa hanyar dawowa cin kuɗi. Ya zaɓi wanda ya fi so a kira shi da shi.

Ku je bakin ruwa ku gani. Babu Basarken da zai sayi injin jirgi a ce masa mai sayarwa kaɗai ke iya buɗe murfinsa. Yana da sifana da fulogi a cikin jirgi, domin ya san in inji ya mutu a tsakiyar tafki ba makaniken da zai iyo ya same shi. Wannan hankalin ne muka ajiye a ƙofa da muka shiga harkar kwamfuta, muka bar Turanci da baƙin allo suka tsorata mu, har tambaya ta zama abin kunya. Laifina ke nan, na kuma karɓa.

Don haka, ku masu haɗa wa makarantu da ƙungiyoyi da shaguna irin waɗannan na'urori, aikinku bai ƙare ba sai mai kaya ya karanta allonsa da idonsa. Kun ci ladan kuturu, ku yi masa aski. Kai kuma mai saye, ba a fafa gora ranar tafiya. Kafin ka cika kuɗin aiki, ka zare wayar netwok, ka jona monitan da kake da shi a gida da wayar da kake da ita, ka kashe na'urar ka kunna, ka zauna inda ka saba zama ka karanta. In ba ka iya karantawa ba, kada ka biya. Ka sa ya rubuta maka matakan a takarda ka manna a bango kusa da na'urar. Tawa takardar tana nan manne, da rubutun hannun ɗiyar ƙanwata, layi shida ne.