Giya ta shiga, maleji ya mutu: aikin da ake bari rabi a garejin Fagge da Sabon Gari

Duk wanda ya saba shiga tsofaffin motocin haya daga Kano zuwa Katsina ko Daura ya san wannan hali: mota na sheƙa gudu, bishiyoyi na wucewa fuu, allurar maleji kuwa tana kwance a kan sifili. In fasinja ya yi magana sai direba ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, da kunne nake jin gudunta." Sau tari kuma ba tsufa ne ya kashe malejin ba. Ya mutu ne ranar da aka sauke giya aka ɗora wata.

Peugeot 504 ce ta fi nuna wannan matsala a fili. Ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma aka ci gaba da harhaɗa 504 a can har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da yin ban kwana da ita. Yau ga ta nan a Kano, salun da wagon da a-kori-kura, wasu na dakon kaya daga Kantin Kwari, wasu a hannun dattawan da ba sa son rabuwa da ita. Da wuya a samu wadda ke ɗauke da giyarta ta asali. An je Ƙofar Ruwa ko shagunan kayan gyara na Sabon Gari an samo ta Beljiyam, an ɗora mai biyar a gurbin mai huɗu. Haka ake yi wa tsofaffin Mercedes da Golf, inda ake cire giya mai sarrafa kanta a mayar da ta hannu don sauƙin gyara. Wannan basira ce abar yabo, domin da ita motocin da suka haura shekara 30 ke ci gaba da ciyar da iyali.

Matsalar tana wani ɗan lungu ne da ba a cika leƙawa ba. A bayan giyar 504 akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ke juyawa tare da sandar da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya. Shi ke juya wani ƙaramin gurmi mai haƙora, yawanci na roba, wanda bai fi babban yatsa ba. Daga nan wata waya mai murɗewa ta bi cikin bututunta har bayan dashbod, ta juya maganaɗisu, maganaɗisun ya ja wani ɗan kofi na alminiyam, allura ta tashi. Dabara ce tsohuwa, tun 1902 Otto Schulze ya yi mata rajista a Jamus. Dukan lissafin ya dogara ne ga adadin haƙoran nan, da girman taya, da irin haƙoran da ke cikin aksul na baya.

To, da an ɗora baƙuwar giya, ɗayan abu uku ne ke faruwa. Ko dai bakin wayar bai yi daidai da mazauninsa ba, sai yaron gareji ya naɗe ta ya ɗaure da igiyar roba a jikin shasi. Ko kuma giyar ta zamani ce, babu inda waya za ta shiga, sai soket na sansa mai aika saƙon lantarki wanda tsohon maleji bai san yarensa ba. Na ukun ya fi haɗari: wayar ta shiga, allura ta tashi, kowa ya yi murna, amma ƙarya take faɗa. Idan mota na buƙatar gurmi mai haƙora 20 aka bar mata mai 22, lokacin da take gudun kilomita 100 allura za ta tsaya wajen 91. Direban da malejinsa ya mutu ya san ba shi da ma'auni. Wanda nasa ke rage lissafi kuwa gani yake yana kan doka.

Wani zai ce ai bambancin ɗan kaɗan ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daga 80 zuwa 100, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yana ƙaruwa da fiye da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 na gudu yana ƙara yiwuwar hatsarin da ke jawo mutuwa da kashi 4 cikin 100. Dokar hanya a Najeriya ta ware kilomita 50 a cikin gari, kuma duk wanda ya taɓa tsallaka France Road ko titin Katsina da la'asar, tsakanin 'yan adaidaita sahu da 'yan dako da ɗalibai, ya san abin da ƙarin 10 ke nufi. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu a Fabrairun 2017. Abin mamaki ne a ce ana zancen na'ura, alhali allurar da ke gaban direba ba ta motsi.

Ga kuma lambobin da ke ƙirga nisan tafiya, waɗanda waya ɗaya ke juya su da allurar. In suka tsaya, sai mai mota ya koma juye baƙin mai da ka, mai saye kuma ba shi da hanyar sanin abin da motar ta ci a hanya.

Gyaran bai fi ƙarfin Kano ba. Garin da ake tada injin da ya shekara a kwance ba zai gaza nemo gurmi mai haƙoran da suka dace ba, kuma sau da yawa ana iya ciro na tsohuwar giyar a gwada shi a sabuwar kafin a sayar da ita ga 'yan gwangwan. In giyar mai sansa ce, akwai ƙaramin akwati da ke karɓar saƙon lantarki ya juya wayar da ɗan motarsa, akwai kuma maleji mai aiki da tauraron ɗan'adam wanda mai wayarin zai ɗaura cikin ɗan lokaci. Gwaji ma ba ya cin ko kwabo: a sauke manhajar auna gudu a wayar hannu, a hau titi mai sarari, yaro ya riƙe wayar, maigida na tuƙi, a kwatanta.

Laifin ba na bakanike kaɗai ba ne. Mai mota ne kan zo a gaggauce, ya yi ta ciniki har ya matse kuɗin aiki, ya ce, "Oga, in dai tana shiga giya, bar sauran." Bakaniken da aka biya kuɗin ɗora giya kawai ba zai kwana a ƙarƙashin mota yana ƙirga haƙora ba. Amma shi ne masani, kuma haƙƙinsa ne ya gaya wa mai mota cewa aikin da saura.

Ƙungiyar bakanikai ta NATA tana da ikon mayar da wannan ƙa'ida a garejin Kwakwaci da na cikin Sabon Gari, ta yadda mota ba za ta fita bayan canjin giya ba sai an gwada malejinta. Shugabannin tasha na iya hana lodi ga motar da allurarta ke kwance, jami'an VIO kuma su leƙa dashbod kafin su sa hannu a takardar lafiyar mota. Masu mota a Fagge da Sabon Gari su sa kuɗin haɗa maleji cikin cinikin tun farko, kuma kada su biya cikon kuɗin aiki sai allura ta tashi, an kuma tabbatar gaskiya take nunawa.