Zuwa ga 'Ya'yana Ma'aikatan Ɗakin Yara Masu Ciwon Daji

'Ya'yana nas-nas da likitoci,

Sannunku da aiki. Na san kuna kwana tsaye, na san wuyar neman jijiya a hannun yaron da kemo ta gama ƙone masa jijiyoyi. Allah ya saka muku da alheri. Amma wani abu ne ya tsaya mini a rai.

Makon jiya na je duba jikan maƙwabciyata a wani asibiti. A bakin ɗakin na tarar da wata yarinya, ba za ta wuce shekara 10 ba, rungume da fulas ɗin kunu, tana leƙen ƙanenta ta taga. Sai wata nas ta fito ta daka mata tsawa: "Ke! Ba a ce yara su tsaya waje ba?" Ta ja ƙafa ta koma gindin darbejiya. Ko sunanta ba a tambaya ba.

Na san hujjarku. Kemo tana karya garkuwar jiki, ƙyanda ko ƙarambau daga yaron waje suna iya kashe majinyaci. Gaskiya ne. To a tambaye ta ko tana tari ko zazzaɓi, a wanke mata hannu, a ɗaura mata takunkumi, ta shiga ko na minti biyar ne. In ba hali, a fito a durƙusa a gaya mata dalili. Tsawar ta mece ce?

Na je na zauna kusa da ita. Da muka ɗan saba sai ta ce, "Kaka, wai in na ci kwano ɗaya da shi zan ɗauka?" Can kuma, murya ƙasa-ƙasa, ta ce ai ita ce ta mare shi a kumatu kafin kumburin ya fito. Wata uku tana kwana da wannan a cikinta. Kumburin muƙamuƙi ne irin wanda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai alaƙa da yawan zazzaɓin cizon sauro. Mari ba ya kawo shi, ciwon daji kuma ba ya bin kwano. Kowannenku ya san haka. Wa ya gaya mata? Uwar da hankalinta duk yana kan gado? Uban da ya tafi sayar da ɗan bijiminsa don kuɗin magani?

A zamaninmu na aikin nas ba mu da rabin magungunanku, yara da yawa a hannunmu suka cika. Amma metiron ɗinmu, Allah ya jiƙanta, ba ta gama zagaye sai ta fita baranda ta gai da yayye da ƙanne ɗaya bayan ɗaya. Abin da Cicely Saunders ta tsaya a kai ke nan da ta buɗe gidan jinyar St Christopher's a Landan a 1967: raɗaɗi ba na jiki kaɗai ba ne, kuma gida guda ake jinya. Mu a baranda muka koya. Yau ina barandar take?

Abin da ya fi ƙona mini rai, wannan yarinyar da kuka kora ita kuke aika sayo sirinji a kemis, ita ke wanke zannuwa. Zango guda ba ta leƙa aji ba. Ta isa aike, ba ta isa bayani ba? Haba, ku ji tsoron Allah!

Kuma akwai inda kula da 'yan'uwa aikinku ne kai tsaye. Dajin ido, wanda ke sa ƙwayar idon yaro ta yi fari tana ƙyalli kamar ta kyanwa da dare, wani nau'insa gado ne. In kun kwantar da mai shi, ku sa a kawo ƙannensa a duba nasu idon tun da wuri.

Ku yafe mini in na yi zafi, 'ya'yana, na san hannu ya yi kaɗan, gadaje sun yi yawa. Ranar nan na roƙi wata nas ta zo gindin darbejiyar. Ta zo, ta tsuguna, ta ce wa yarinyar, "Ba ke ba ce." Yarinyar ta yi kuka sosai, sannan ta miƙa fulas ɗin ta ce a kai masa tun kunun bai huce ba.

Taku,
tsohuwar nas mai ritaya.